Hannu Na Uku

Muttaka ɗan Bintu bai taɓa saran kowa ba. Gara a faɗi wannan tun da fari, domin akwai garuruwa tsakanin Tasawa da Mayahi da in ka faɗe shi yau za a ce kare shi kake yi. Mutumin da ko kaza aka ba shi ya yanka sai ya nemi uzuri ya miƙa wa na kusa da shi.

A Urafane aka haife shi, shi ne auta, kuma ya zo duniya a wahale. Ciki ya kumbura, ƙafafu kamar sillen kara. Bintu ta riga ta binne 'ya'ya biyu kafinsa, saboda haka ba ta tsaya jiran kowa ba. Duk wanzamin da aka ce mata ya iya, sai ta goya yaron ta kama hanya. Aka yi masa tsaga a ciki don saifa, aka kafa masa ƙaho a baya ba sau ɗaya ba, aka yi masa sakiya a kafaɗa da wani maruru ya ƙi fashewa. Ko maganin ne ya yi, ko kwana ne ke gaba, yaro dai ya rayu. Sai dai ya tashi da jiki duk tabo, jere-jere, wasu a kan wasu, ga wani dogo a haƙarƙari inda ya faɗa kan bakin hauya yana koyon tafiya.

Ya taɓa lakwal, wato makarantar boko, kaɗan, bai yi nisa ba. Gonar ubansu ta yi wa yayyensa ma kaɗan, balle shi, sai aka tura shi Tasawa ya koyi facin taya a bakin tasha. Can ya samu fada.

Fada ba wani abu ba ce, tabarma ce da butar shayi da samarin da ba su da wurin zuwa. Yawancinsu ba su cutar kowa sai sukari. Amma tasu Muttaka, wadda suka raɗa wa suna Ba Sani Ba Sabo, ta ɗan fi haka. Suna ɗaga ƙarfe da hantsi, suna jigilar esansi, wato fetur, daga bakin iyaka a kan babur, wanda suke ce wa moto, kuma suna da tsohuwar gaba da samarin wata unguwa wadda ba wanda ya tuna mafarinta. Shugabansu Abdurrahamane ne, ƙato mai ƙarancin magana, suna ce masa Perezidan.

Aikin Muttaka a fadar sananne ne. Shi ke dafa shayi. Shi ke zuba siminti a gwangwanayen madara ya soka sandar ƙarfe a tsakiya ya haɗa musu abin ɗagawa, ko da yake mafi girma a cikinsu bai taɓa iya raba shi da ƙasa ba. Sai kuma kirari. Nan kam Allah ya ba shi. In Perezidan ya kwanta ƙarƙashin ƙarfe jijiyoyin wuya suka miƙe, Muttaka zai tsaya a kansa ya riƙa zuba masa take har sai ƙarfen ya tashi. In ya gama da kowa ya juyo kan kansa, ya kira kansa abin da bai taɓa zama ba, fada ta yi ta faɗuwa da dariya. Kowa ya san kirari kirari ne. Ɗan kokawa yakan ce ya karya da mutum ɗari da safe, ba wanda ke zuwa neman kaburburansu.

Wata shekara bayan kaka aka yi kokawa a Mayahi ranar kasuwa. 'Yan fada suka hau motocinsu suka tafi, suka bar Muttaka gadin tabarmi da ƙarafa, kamar kullum. A can moto ɗaya ta bugi amalanken wani, magana ta zama zagi, zagi ya zama sanda, sanda ta zama adda. Wani manomi mai suna Gado, daga wani ƙauye na ƙasar Sarkin Hausa, ya kawo wake ne kawai ya sayar. Ya shiga rabo, adda ta sauka a wuyan hannunsa na dama. Likitocin Maraɗi suka yi iya yinsu, daga baya suka yanke hannun.

'Yan fada suka dawo tsit. Ba wanda ya ce wane ne, amma Perezidan ya daɗe a bakin famfo yana wanke hannu, kuma ranar bai sha shayi ba. Jandarmomi suka yi tambaye-tambaye, Gado ya ce taro ne, ƙura ce, bai ga kowa ba. Magana ta kwanta.

Shekarar da ta biyo baya wata mata ta zo daga Yamai, sunanta Huda, da mai riƙe mata kamara. Fim take yi a kan samarin fada, irin fim ɗin da ba wasan kwaikwayo ba, mutane na gaske da maganarsu ta gaske. Ba za a ce ta zo da mugun nufi ba. Ta zauna kan tabarmarsu makonni, ta sha shayinsu mai ɗaci, ta tambaye su iyayensu da abin da suke so su zama. Sai ta ci karo da abin da duk wanda ya san maza ya sani: wanda ya aikata ba ya magana. Perezidan zai ɗaga ƙarfe gaban kamara har gobe, amma in aka tambaye shi faɗa sai ya dubi ƙasa ya ce, “Sai haƙuri.” Sauran ma haka. Mutum ɗaya ne a fadar bakinsa ba ya gajiya.

Ranar da abin ya faru zafi ake yi, Muttaka ya tuɓe riga yana fifita gawayi. Mai kamara ya hango bayansa, ya zagayo a hankali. Huda ta ce, “Muttaka, waɗannan tabon fa?”

Da ya ce na wanzami ne, da yanzu ba a ba da labarinsa. Amma ya ɗaga kai ya ga gilashin kamarar nan ya kafe shi shi kaɗai, karon farko tunda matar ta zo, ya ga ƙattin fada sun yi shiru suna jiran abin da zai ce. Daɗi ya kama shi. Ya miƙe, ya buga ƙirji, ya nuna na ciki ya ce wuƙa ce, ya nuna na kafaɗa ya ce kibiya, ya shafa dogon na haƙarƙari ya ce wannan kam mai shi bai sake cin tuwo da daɗi ba. Sannan ya ɗaga murya:

“Sai ni ƙaya ta bakin hanya, mai takalmi ya san ni balle mai ƙafa! Sai ni Muttaka na Bintu! Ni na tahi Mayahi da hannu biyu, na komo da ukku!”

Wannan karon fada ba ta yi dariya ba. Huda ta sa aka kashe kamara, ta ja shi gefe ta tambaye shi ko da gaske yake, ta gaya masa abin nan mutane za su gani. Ta sake tambaya washegari. Yaya za a yi namiji ya ce wa mace baƙuwa, a gaban abokansa, ai ni mai shayi ne? Ya ce ta sa, ba ya tsoron kowa. Perezidan ya dafa kafaɗarsa da yamma, abin da bai taɓa yi ba, kuma Muttaka ya ɗauka girmamawa ce. Bai gane kaya aka sauke masa a ka ba. Ba a jima ba Abdurrahamane ya bi masu haƙar zinariya arewa, tun ana jin labarinsa har aka daina.

Fim ɗin ya fita, aka ce an nuna shi a Yamai da ƙasashen waje. A Tasawa ba a fi mutum kaɗan da suka gan shi cikakke ba. Waɗanda suka gani sun ce akwai Muttaka yana faci, akwai shi yana maganar uwarsa har idonsa ya kawo ruwa. Wannan ba wanda ya damu da shi. Wani ɗan hannu ne ya yanko wurin kirarin kaɗai, ya ɗora masa kiɗa, ya sake shi a waya. Daga waya zuwa waya, ya shiga kasuwannin ƙauye, ya shiga wuraren cajin batir, ya shiga inda ko lantarki babu.

Da fari mutanen tasha dariya suka yi. Har jandarman da ke kawo masa faci ya ce, “Kai, Muttaka, in kai ka sare mutum ni ma na haɗiye mota.” Amma shekaru suna tafiya, tsofaffin 'yan fada suka watse, wasu aure, wasu Libiya, wasu gidan kaso. Sababbin samari suka taso waɗanda ba su san butar shayinsa ba, wayar kawai suka sani. Su suka sa masa Mai Ukku. In sun zo wucewa sukan rage gudun moto su ɗaga masa hannu biyu. Ba a yi masa gardamar kuɗin faci. Gaskiya ɗaya ce, ya ji daɗin abin, har ya koma aiki ba riga ko da sanyi. Ya auri wata yarinya mai hankali, Safi, wadda ta sha gaya masa cewa sunan nan ba alheri ba ne, yana ce mata ba ta san sha'anin maza ba.

Abin da ya daɗe yana tafiya, wata rana zai isa. Gab da damina wani direba mai zuwa kasuwar Mayahi ya tsaya a rumfarsa, ba taya ya kawo ba. Ya ce ƙannen Gado sun ga kirarin nan a waya. Babbansu, Rayyanu, ya kalli abin har ya haddace, kuma ya rantse a gaban mutane cewa hannu da hannu ne. Sun san rumfar, sun san gidan.

Tsoro ya shiga Muttaka, tsoro na gaske, irin mai hana tuwo wucewa. Mai faci da hannu ɗaya ai ya gama. Yana zaune sai ya riƙa duban hannunsa na dama, baƙi ƙirin da gam da ƙurar taya, yana juya shi. Ya nemo lambar Huda ya kira ta. Hankalinta ya tashi ƙwarai. Ta ce ba ta da ikon shiga wayoyin mutane ta goge, amma za ta zo da kamara ko gobe, ya faɗi gaskiya, a sake shi kamar yadda aka saki na farko.

Ya ce, “A'a, Madam. In tsaya duniya na kallo in ce ƙarya na yi? Gara su zo.”

Ka ji wauta. Mutum ya auna hannunsa da kunyarsa, ya ga kunyar ta fi nauyi. Ya sayi wuƙa wadda bai san yadda ake riƙe ta ba, ya ɗaura laya a damtse, ya ci gaba da zama a rumfa yana zabura duk lokacin da moto ta tsaya. Safi ta dube shi kwana biyu, ta ga ba hankali a wurin, sai ta aika Urafane.

Bintu ta iso da hantsi a bayan ɗan kabu-kabu, tsohuwa ƙanƙanuwa da ƙullin goro a bakin zane. Ba ta zauna ba, ba ta sha ruwa ba. Ta ce a nuna mata. Safi ta kunna wayar ta riƙe mata. Ta kalli ɗanta yana buga ƙirji, ta ji sunanta a cikin kirarin, ta ji hannu ukku. Da abin ya ƙare ta juyo.

“Auta, sunana ka sa cikin wagga ƙazanta?”

“Inna, wasa ne. Kirari ne kawai.”

“Wasa da hannun mutum? Sa rigarka. Aje wuƙar nan kahin ka yanke kanka. Mu tahi.”

Ya ce ina. Ta ce inda ya ce ya je. Mai Ukku, wanda samari ke rage wa gudu, ya bi bayan uwarsa zuwa tasha kansa a ƙasa.

Sun isa ƙauyen su Gado bayan azahar. Labari ya riga su, don haka ƙarƙashin gawon da ke ƙofar mai gari ya cika. Rayyanu da ƙannensa suna tsaye gefe, ba su ɓoye abin da ke hannunsu ba. Gado yana zaune kan tabarma, mutum ne siriri mai furfura a gemu, hannun rigarsa na dama a naɗe an soke shi da allura. Muttaka bai taɓa ganinsa ba sai ranar. Ya yi shekaru yana cin sunan mutumin nan, bai san kamanninsa ba.

Bintu ta durƙusa ta gai da mai gari, ta gai da Gado ta yi masa jaje kamar jiya abin ya faru. Sannan ta miƙe ta ce wa ɗanta ya tuɓe riga. Ya tsaya. Ta kama rigar da kanta ta ɗage, kamar yadda take yi masa yana ɗan yaye, ta juya shi jama'a su gani.

“Ku duba da kyau, ku manoma ne, kun san aikin wanzami. Wanga na ciki tsagar saihwa ce, a Urahwane anka yi mashi, ni na danne ƙahwahunshi. Waɗanga na baya ƙaho ne. Na kahwaɗa sakiya ce, kwana ukku shina kuka. Wanga dogon kuwa hauyar ubanshi ce ya hwaɗa ma, ko tahiya bai iya ba. Duk jikin nan babu tabon da namiji ya yi mashi. Ni na yi su, don kar in binne shi. Ranar Mayahi kuma gadin tabarma anka bar shi. Auta, hwaɗa masu da bakinka.”

Ya faɗa. Muryar da ke tada ƙarfe ta fito 'yar ƙarama. Ya ce shayi yake dafawa, bai je Mayahi ba, ƙarya ya yi.

Wani tsoho ya matso ya duba bayan ya ce lalle ƙaho ne, ga irinsa a jikinsa. Sai wani ya tuntsire da dariya, dariya ta kama wurin har mata daga bayan darni. Rayyanu ya tofar da yawu ya juya baya. Muttaka ya tsaya tsirara daga wuya zuwa cibiya a tsakiyar baƙi, yana jin da ma adda aka sa masa. Hannunsa ya tsira, kuma a lokacin ko murna bai iya yi ba.

Gado kaɗai bai yi dariya ba. Ya jira wuri ya lafa.

“Inna, kin wahala banza. Ni na san ba shi ba ne. Wanda ya sare ni na ga huskarshi, har gobe ina ganinta. Na ƙi hwaɗi ne don kar yaran ga su tahi su ƙare a kaso, na bar shi da Allah.” Ya juyo ga Muttaka. “Shi wancan ko banza ya gudu, ya san ya yi abin kunya. Kai kuwa ba ka yi ba, amma ka gani ya yi maka kyau, ka ɗauka ka yi ado da shi. Ɗiyata ta komo daga rijiya tana kuka, yara na yi mata waƙar hannu ukku. Wanga ya hi addar ciwo.”

Gado ya ɗaga guntun hannun kaɗan.

“Ka ce ka tahi da biyu ka komo da ukku. To guda nawa ne. Hauyar tsaye ba ta noma da hannu ɗaya, ga damina ta zo. Maido mani abina.”

Haka aka yi. Ruwa na sauka Muttaka ya rufe rumfa ya koma ƙauyen. Ya yi shuka, ya yi noman fari, ya yi maimai. Tafin hannunsa ya yi kanta, ya fashe, ya sake yi. Gado yakan bi bayansa yana cire ciyawa da hagu, ba su cika magana ba. Rayyanu bai taɓa gaishe shi ba. Da kaka ya ɗaure dammunan hatsi ya koma faci, da damina ta zagayo ya dawo ba tare da an aika masa ba. Yanzu ko wanka zai yi a gona sai ya duba ba kowa kafin ya cire riga.

A damina ta biyu suka je kasuwar Mayahi sayen bakin hauya, shi da Gado. Suna rumfar maƙera sai wasu samari a kan moto suka ja birki. Ɗaya ya diro, bai kai ashirin ba, ido jawur, ya ɗaga hannu biyu sama.

“Mai Ukku! Wallahi shi ne! Na tahi Mayahi da hannu biyu!”

Muttaka ya kama shi a kafaɗa. Ya ce masa ƙarya ce duka, shi mai shayi ne, tabon na wanzami ne, ga mai hannun nan tsaye, a tambaye shi. Ya faɗa da ƙarfi har maƙeri ya dakata da bugu. Saurayin ya saurara yana murmushi, sannan ya juya ga abokansa.

“Kun gani? Haka manya suke. Wanda ya yi ba ya hwaɗi.”

Ko kallon Gado bai yi ba. Ya kama bakin rigarsa ya ɗage don Mai Ukku ya gani ya yaba. A cikinsa akwai tsaga jere-jere, daidai inda Bintu ta danne ɗanta aka yi masa ta saifa, da wata doguwa a haƙarƙari. Da reza ya yi su, da hannunsa. Ta haƙarƙarin ba ta gama warkewa ba.